Kada a binne ƙari kafin a san sunansa

A asibitocinmu, da zarar an gama yi wa mutum tiyata, akan leƙo daga ƙofa a kira ɗaya daga cikin 'yan'uwansa a nuna masa abin da aka ciro. Mutum ya leƙa cikin 'yar roba, ya yi salati, wani ma ya zaro waya ya ɗauki hoto don na gida su gani. Sai tambayar da ta hana kowa barci ta fito: "Likita, daji ne?" In aka ce masa da alama ba daji ba ne, sai hamdala, a ƙunshe abin a leda, a kai gida a haƙa rami a binne. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin nama ne, wurin da ya kamata wannan roba ta biyo kafin ta isa rami. A wannan lokacin babu wanda ya san amsar tambayar nan tabbas, har shi likitan da ya yi aikin da hannunsa. Abin da yake da shi zato ne, zato mai ƙarfi a mafi yawan lokuta, amma tabbacin yana cikin naman.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ke rabuwa su maye gurbin waɗanda suka tsufa, su tsaya idan sun isa. Idan wasu suka ƙi tsayawa, suka yi ta taruwa wuri guda, shi ne ƙari. Likitoci sun raba ƙari gida biyu, kuma da halinsa suke raba shi. Girma ko zafi ba su ne ma'auni ba. Na karɓi ƙarin da sai da hannu biyu aka ɗauko shi, ya fito ba daji ba. Na karɓi ƙululun mama da bai kai santimita 2 ba, wanda bai taɓa yi wa mai shi ciwo ba, ya fito sankara.

Ƙarin da ba daji ba yana da iyaka, sau da yawa ma yana cikin wata 'yar fata da ta lulluɓe shi. Yana girma a hankali, yana ture naman da ke kusa da shi ba tare da ya kutsa cikinsa ba. Ƙwayoyinsa suna kama da na naman da ya haife su. Babban abin kuwa, ba ya tashi daga inda yake ya bi jini ko hanyar kaluluwa ya je ya kafa reshe a hanta, huhu ko ƙashi. Manomi zai gane bambancin nan da sauri: dankali in ka tona za ka ɗauke shi sumul ka bar rami, tofa kuwa ko ka tuge ta saiwarta ta riga ta ratsa ƙarƙashin kunya, za ta ɓullo a can gaba. Kalmar da likitoci ke rubutawa ga nau'in farko, wadda za ka ji suna furta ta "binayin", daga Latin take, tana nufin mai sauƙin hali. Iyakar alkawarin da ke cikinta shi ne ƙarin ba ya yaɗuwa.

Takardar sakamako da Turanci take zuwa, ko da Faransanci a Nijar, kuma yanzu kowa da waya a hannu, kafin a koma wajen likita an riga an bincika sunan a intanet. Akwai ƙa'idar da ake bi wajen raɗa sunayen nan. Ana ɗaukar sunan naman da ƙarin ya fito daga gare shi a liƙa masa "oma" a ƙarshe. Na kitse lifoma, shi ne tattausan ƙululun nan da ke motsi ƙarƙashin fata a kafaɗa ko gadon baya. Na ƙashi ostiyoma. Na jijiyoyin jini himanjiyoma, jan tabon da ke tasowa a jikin wasu jarirai ya kuma lafa da kansa yayin da suke girma. Na naman da ke fitar da ruwa, irin na maƙogwaro ko hanji, adinoma. Na tsokar mahaifa layomayoma, wanda mata suka fi sani da faibiroyid. Idan daji ne sai a ce kasinoma, in ya fito daga fata ko shimfiɗar cikin gaɓoɓi, ko sakoma, in daga tsoka, kitse ko ƙashi ya fito.

Sai dai ƙa'idar tana da tsofaffin sunayen da suka karya ta, kuma su ne masu haɗari. Limfoma daji ne. Seminoma, na maraina, daji ne. Melanoma daji ne, mugu ma kuwa, kuma a wurin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa, baƙin tabo da mutum zai ɗauka kaushi ne ko sartse. Shi ya sa nake jin tsoro idan ɗan makaranta ya karanta wa mahaifinsa takarda ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ba a rubuta kansa ba." Ba lallai a rubuta ba. Takardar nan likita ne ya rubuta wa likita, a mayar wa wanda ya turo ta ya yi bayani.

Ga yadda ake kaiwa ga wannan suna. Naman da aka ciro ana jefa shi nan take cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, kuma ruwan ya ninka naman kamar sau goma, don ya tsayar da shi yadda yake kafin ya fara ruɓa. Likitan binciken nama zai auna shi, ya tsaga shi, ya zaɓi 'yan gutsattsari daga tsakiya da kuma bakin iyaka. Mu sai mu tsane ruwan jikinsu da barasar gwaji, mu daskarar da su cikin kakin kyandir, mu yanka da injin da ke fitar da shafi mai kaurin maikiron 3 zuwa 5, wanda in ka yi numfashi da ƙarfi kusa da shi sai ya tashi. Mu shimfiɗa a gilashi, mu rina da rini biyu, ɗaya mai shuɗi-shuɗi da ke kama cibiyar ƙwayar halitta, ɗaya mai ja-ja da ke kama sauran jikinta. Sannan likitan ya zauna gaban madubi ya duba: ƙwayoyin nan sun yi kama da iyayensu? Nawa ne ke cikin rabuwa? Sun fasa fatar da ta kewaye su? Sun shiga jijiyar jini? Hannun likitan fiɗa ba ya iya amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Hoton sikanin ma yana nuna inda ƙarin yake da girmansa da siffarsa, yana taimakawa ƙwarai, amma ba ya ganin ƙwaya guda.

Wani zai ce, ai likita ya ga dubu irinsa, faibiroyid faibiroyid ne. Gaskiya ne kusan kullum. Amma a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙiyasta cewa a cikin matan da ake yi wa aikin faibiroyid, kusan 1 cikin 350 ana tarar da sakoma ce ta ɓoye a wurin, ba wanda ya yi zato. Mata 349 za su biya kuɗin gwaji a gaya musu abin da suka riga suka ji. Ta ƙarshen kuwa gwajin ne kaɗai zai sa a kira ta a ci gaba da magani tun da sauran lokaci, kuma babu wanda zai iya nuna ta da yatsa a ɗakin jinya. Haka abin yake da abin da ake wankowa bayan ɓari. Akwai cikin da babu jariri a ciki sai tarin 'yan ƙuraje masu ruwa. Shi kansa ba daji ba ne, amma wani kaso nasa yana rikiɗa, sai an yi ta auna jinin matar wata da watanni. In an zubar da abin da aka wanko, wa zai san a bi ta?

Ba na raina al'adar binnewa. Girmama jikin ɗan Adam ce, kuma ni ma a cikinta na tashi. Wata dattijuwa ta taɓa tsayawa a tagar karɓar samfuri, riƙe da robar 'yarta ta ƙi saki, ta ce mini, "Ɗan nan, naman mutum ne fa, ba na akuya ba." Na ce, "Inna, na sani. Ɗan kaɗan za mu ɗiba, in an gama ku nemi ragowar a ba ku." Ta saki. Iyakar abin da ake buƙata ke nan mafi yawan lokaci, wani ya tsaya ya yi bayani na minti biyu. Gwaji ba ya hana binnewa, jinkirta ta kawai yake yi.

Akwai kuma maganar da ta yi wa mutanenmu illa fiye da kowace, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya haukace. Na fahimci inda ta samo tushe. Mutum yakan yi shekara biyu yana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai abin ya ci ƙarfinsa a kawo shi asibiti, a ɗebi nama, bayan wata biyu ya rasu, sai a ce allurar ce. Cutar ta riga ta gama tafiyarta kafin allurar. Ɗiban nama ba ya mai da ƙari daji. Kuma abin takaici, mafi yawan ƙululun da mata ke ji a mama ba sankara ba ne. A 'yan mata da matan da ba su kai talatin ba, mafi yawa faibiro-adinoma ne, ɗan ƙululu mai santsi da ke zillewa in an taɓa shi. Tsoron ƙarfe yana sa yarinya ta shekara tana kuka a ɓoye kan abin da allura guda za ta wanke mata zuciya a kai, yana kuma sa mai sankarar gaske ta zo a mataki na uku ko na huɗu, kamar yadda mafi yawan masu sankarar mama ke zuwa a Najeriya.

To, a ce an yi gwajin, sakamako ya fito ba daji ba ne. A nan ne kuskure na biyu yake, kuma shi ya fi damuna, domin kunnenmu yakan ji "ba daji ba ne" ya fassara shi "ba komai". Ƙarin da ba ya yaɗuwa yana iya zubar da jini, yana iya toshe hanya, yana iya danne abin da ke kusa da shi, yana iya fitar da sinadarin da zai birkita jiki duka.

Faibiroyid ya isa misali. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya gano cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin ɗari na mata baƙar fata suna da shi, farar fata kuwa kusan kashi 70. Da yawansu ba za su taɓa sani ba, kuma ba sa buƙatar komai. Amma akwai wadda jinin al'adarta ke kai kwana goma yana zuba da gudaji, tafin hannunta ya yi fari fat, hawa mataki uku sai ta zauna ta huta. An taɓa gaya mata ba daji ba ne, sai ta koma gida ta rungumi haƙuri. Maƙwabta suna yi mata barka da cikin da ba ciki ba. Kishiya tana haihuwa, ita tana ɓari. Tana sayen ruwan magani a jarka daga masu tallan "narkar da faibiroyid" a rediyo da Facebook, ƙarin yana ci gaba da girma har ya danne hanyar fitsari ya taɓa ƙoda. Lokacin da ƙarin yake ƙarami, ana iya rage jinin da magani, ko a ciro ƙarin a bar mata mahaifarta. In ya cika ciki, aikin ya zama babba, sai an tanadi ledojin jini, wani lokaci kuma mahaifar gaba ɗaya ake cirewa daga matar da ba ta taɓa goyo ba. Wannan duka ƙarin "mai sauƙin hali" ne ya yi.

Tarihin fiɗar ciki ma da irin wannan ƙari ya fara. A ranar 25 ga Disamba 1809, a garin Danville na jihar Kentucky a Amurka, likita Ephraim McDowell ya ciro wa Jane Todd Crawford ƙarin ƙwan mace mai nauyin kusan kilo 10, babu maganin sa barci, domin ba a ƙirƙiro shi ba tukuna. Kafin nan an ɗauka cikin tagwaye ne ya wuce lokaci. Ta rayu har 1842. Da an bar ta da shi, da shi zai kashe ta.

Wurin da ƙari ya zauna sau da yawa ya fi sunansa muhimmanci. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Meninjiyoma, sunan da likita Harvey Cushing ya raɗa a 1922 ga ƙarin da ke fitowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, mafi yawansa ba daji ba ne, amma yana girma yana danne ƙwaƙwalwa, sai babban mutum ya fara farfaɗiya da rana tsaka, ko hannu ya mutu, ko hali ya canza, a yi ta ruƙiyya ana neman aljani. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan nama da ke sarrafa sinadaran jiki. Adinoma a wurin na iya tsayar wa mace al'ada, ya sa nononta ya riƙa ɗigo ba ta da jariri, ya hana ta haihuwa, in ya girma ya fara cinye ganinta daga gefe da gefe. Wannan nau'in galibi da ƙwayar magani ake shawo kansa, ko wuƙa ba a kaiwa.

Sai muƙamuƙi. Amilobilastoma ƙari ne da ke tasowa daga naman da ke gina haƙori, kuma rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya sun sha nuna shi ne kan gaba a irin ƙarin nan. A littafi yana cikin waɗanda ba daji ba. A fuskar saurayi kuwa yana cin ƙashin haɓa a hankali, haƙora su yi ta girgiɗi, fuska ta karkace, ya daina zuwa kasuwa, ya koma rufe baki da rawani. In aka kankare shi kawai, yakan dawo. Sai an yanke ƙashin har da ɗan lafiyayyen da ke gefensa. Kwatanta shi da kumburin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ke da alaƙa da yankunan zazzaɓin cizon sauro. Shi limfoma ne, daji ne, yana girma cikin makonni, amma yana jin maganin daji sosai in an kama shi da wuri. Kumburi biyu a wuri guda, ɗaya wuƙa yake so, ɗaya ruwan magani. Wanzami ko mai kemis da ya tsaga kumburin ya matse ba shi da hanyar bambance su.

Wasu kuma yau ba daji ba ne, gobe sai Allah. Adinoman babban hanji yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe, shi ya sa ake tsinke shi da zarar an gan shi, a kuma ce mutum ya dawo a sake leƙawa.

Kada a ɗauka ina cewa kowane ƙululu a kai shi ga wuƙa. Lifoman da ba ya ciwo, ba ya girma, a bar shi. Ƙaramin faibiroyid a jikin matar da ta kusa daina al'ada yakan motse da kansa bayan ta daina. Su kansu likitoci sun gano cewa mugun suna yana jawo aikin da ba a buƙata. Akwai wani ƙarin maƙogwaro da aka daɗe ana kira kasinoma, ana cire wa mutum naman maƙoƙon duka, a ba shi magani mai tururin nukiliya, ya koma shan ƙwaya har ƙarshen ransa. A 2016 wani ayarin masana ƙarƙashin Yuri Nikiforov na Jami'ar Pittsburgh suka bi mutum 109 masu wannan ƙari wanda bai fasa fatarsa ba, tsawon shekara 10 zuwa 26, ba su sami ko ɗaya da cutar ta dawo masa ba. Suka cire kalmar kasinoma daga sunan, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da sabon sunan cikin kundinta na rabe-raben ƙari. Amma hatta wannan sassaucin, sai an ciro ƙarin an bi fatarsa kaf a ƙarƙashin madubi kafin a ce mutum ya cancance shi.

Na san abin da mai karatu a ƙauye zai ce: kuɗin tiyata ma sai da aka sayar da tunkiya, yanzu kuma a kawo kuɗin gwaji, a jira makonni, ga likitocin binciken nama 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a manyan birane. Duk gaskiya ne. Sai dai naman da ya shiga fomalin da wuri ba ya lalacewa a hanya. Ana iya rufe shi a roba, a rubuta suna, ya hau motar haya daga ƙaramin asibiti zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. Abin da ke ɓata shi shi ne a zuba shi cikin ruwan famfo ko ruwan ƙarin ruwa, ko a bar shi a leda ya kwana, kamar yadda yake zuwar mana wani lokaci, ya narke ba abin da za a iya karantawa. Kakin da muka daskarar da naman a ciki kuwa yana shekaru a ajiye, in wata tambaya ta taso daga baya a sake yankawa.

Ga abokan aikina likitoci, roƙona kada jimlar ta tsaya a "ba daji ba ne". A faɗa wa mutum sunan ƙarin, a rubuta masa a takarda ya adana. A gaya masa ko irin mai dawowa ne, da alamar da in ya gani zai dawo ba tare da jiran ranar da aka sa masa ba: jinin da ya ƙaru, ƙululun da ya yi tauri ko ya daina motsi, ciwon kan da ya zo da amai, gani da ya fara raguwa. Mara lafiya ma yana da haƙƙin ya tambaya, "Ranka ya daɗe, an gwada ne, ko da ido aka gani?" Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Ga masu tafiyar da asibitoci da hukumomin inshorar lafiya na jihohi, abu biyu nake nema. A haɗa kuɗin gwajin nama cikin kuɗin tiyata tun farko, yadda ba za a miƙa wa dangi roba a bakin ƙofa a bar musu zaɓi ba, a lokacin da aljihunsu ya bushe kuma hankalinsu yana kan wanda ke kwance. Sannan a sa ma'aikaci guda wanda aikinsa shi ne kiran waya idan sakamako ya fito. A ɗakunan gwaji akwai takardun da aka biya kuɗinsu, aka yi aikin, aka sa hannu, masu su sun ji sauƙin ɗinki ba su dawo ba, kuma a cikin tarin akwai waɗanda aka rubuta kasinoma.